Shaidar da Ba a Tantance Ba: Antibodi da Furotin ɗin Ragar Cikin Ƙwayar Halitta

Na shafe kusan wata huɗu ina gaskata wani hoto da bai cancanci a gaskata shi ba. Hoton ƙwayoyin halitta ne da nake reno a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda na zuba wa wani antibodi (furotin na garkuwar jiki da masu bincike ke sa wa ya manne wa wani furotin don a iya ganinsa) da aka sayar mana a kan cewa yana kama wani furotin da ke zaune a tantanin endofilasmik retikulum, wani sashe na cikin ƙwaya. Duk lokacin da na ɗora su a madubin ƙara girma sai in ga koren haske ya bazu kamar saƙar gizo-gizo, ya yi kauri a kewayen cibiyar ƙwaya, ya yi siriri yana tafiya zuwa gefe, daidai da siffar da kowane littafi ya zana. A gwajin Westan ma, inda ake rarraba furotin bisa nauyinsu a cikin jel sannan wanda antibodi ya kama ya fito a matsayin layi, akwai layi guda a kusa da nauyin da nake tsammani. Ban ga dalilin shakka ba, har sai da wata abokiyar aikina ta yi amfani da CRISPR, dabarar yanke DNA, ta lalata sashen DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera wannan furotin, ta samar da ƙwayoyin da babu shi a cikinsu ko kaɗan. Muka zuba musu antibodin nan, muka duba, sai ga koren hasken yana nan daram, bai ragu ba ko da ƙwayar zarra. Abin da nake ɗauka hoto tsawon watanni wani abu ne dabam, kuma kamfanin da ya sayar mana da kwalbar bai taɓa gwada ta a kan ƙwayar da ba ta da furotin ɗin ba.

Tun daga ranar nake kallon antibodin bincike a matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali. Yana iya faɗin gaskiya, yana iya yin kuskure da zuciya ɗaya, kuma kyawun lafazinsa ba hujja ba ne. Na kuma fahimci cewa wannan sashe na ƙwayar halitta yana da wasu halaye da ke sa shaidar ƙarya ta yi saurin karɓuwa a kansa fiye da sauran sassa.

Endofilasmik retikulum, wanda zan riƙa kira raga a taƙaice domin ma'anar kalmar retikulum ke nan a Latin, tarin bututu ne da shimfiɗaɗɗun jakunkuna na tantani, duk a haɗe da juna, kuma a haɗe da tantanin da ya lulluɓe cibiyar ƙwaya. Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam ne suka fara bayyana ta a 1945 a Cibiyar Rockefeller da ke New York, da madubi mai aiki da ilektron, kuma Porter ne ya raɗa mata sunan a farkon shekarun 1950. George Palade ya nuna cewa furotin ɗin da ƙwaya za ta fitar waje daga nan yake fara tafiyarsa, ya wuce Golgi, sashen da ke ƙarasa sarrafa shi, sannan ya fita, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1974 da Claude da Christian de Duve. Daga baya Günter Blobel ya gano cewa irin wannan furotin yana ɗauke da ɗan gajeren adireshi a farkonsa wanda ke kai shi bakin ragar, kuma akan yanke adireshin da zarar ya shiga. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in furotin da ƙwayar ɗan Adam ke ƙerawa ta wannan hanyar suke bi. A cikin ragar ake naɗe su su ɗauki siffarsu, a liƙa musu sarƙar sukari, a ƙulla musu mahaɗin salfa, a kuma tsare wanda bai naɗu daidai ba. Nan ne kuma rumbun kalsiyam na ƙwaya.

Matsala ta farko tana cikin wannan bayanin. Ragar ta cika kusan ko'ina a ƙwaya in ban da cikin cibiya. Kaurin bututunta bai kai nanomita 200 ba, wanda shi ne kusan iyakar abin da madubin haske na yau da kullum ke iya rarrabewa, don haka a inda bututun suka cunkushe, musamman kusa da cibiya, ba a ganin komai sai hazo mai haske. Antibodin da ke manne wa kowane irin furotin na ruwan ƙwaya ba tare da zaɓi ba, shi ma hazo mai kauri yake bayarwa kusa da cibiya, domin nan ne ƙwayar ta fi tudu. Idan mutum yana neman furotin na cibiya ko na tantanin waje, antibodin banza yakan tona wa kansa asiri, saboda haskensa zai fito a inda bai kamata ba. Mai neman furotin ɗin raga ba shi da wannan gata, domin kuskuren yana zuwa ne sanye da rigar gaskiya. Ko gwajin da ake yi na haɗa launi biyu, a ga ko koren ya hau kan jan wani sanannen furotin na raga, ba ya fitar da mutum daga wannan rami, tunda duk abin da ya bazu a ƙwaya dole ya haɗu da raga a wani wuri. Kama da wane ba ta wane, kuma ni kamar ce ta yaudare ni.

Yana da kyau a tuna daga ina antibodin da ke cikin kwalbar ya fito. Hanya mafi tsufa ita ce a yi wa dabba allurar furotin ɗin ko wani guntunsa, galibi zomo ko akuya, a jira jikinta ya mayar da martani, sannan a ɗebi jininta a tace. Abin da ake samu cakuda ne na antibodi iri-iri, wasu suna kama furotin ɗin ta wurare mabambanta, wasu kuma dama can suna cikin jinin dabbar saboda cututtukan da ta taɓa yi. Wannan cakuda yakan ba da haske mai ƙarfi, amma idan jinin wannan zomo ya ƙare sai a koma kan wani zomon, a ci gaba da sayarwa da lambar kaya iri ɗaya, alhali abin da ke ciki ya canza. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka haɗa ƙwayar da ke ƙera antibodi da ƙwayar kansa mai yaɗuwa ba iyaka, suka samar da zuriyar ƙwaya guda mai ƙera antibodi iri ɗaya tak, aka ba su Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Wannan ya magance matsalar cakuda, amma bai magance ta kuskuren kamu ba, domin antibodi guda ɗaya ma yana iya kama furotin biyu idan suna da gurbi mai kama da juna. Sabuwar hanyar ita ce a karanta jerin DNA na antibodin, a adana shi, a riƙa ƙera shi a ƙwayoyin reno duk lokacin da aka so, ta yadda kwalbar bana da ta shekara goma masu zuwa za su zama abu ɗaya. Kwalbar da ta ɓata mini lokaci ta zomo ce, irin ta farko.

Akwai wasu furotin da masu bincike suka mayar da su tutar raga, kuma kowannensu yana da tarkonsa. Wanda ya fi shahara shi ne BiP, wanda ake kuma kira GRP78 saboda nauyinsa 78 ne a kilodalton, ma'aunin nauyin furotin. Abin sha'awa game da shi shi ne Ingrid Haas da Matthias Wabl sun gano shi ne a 1983 yana riƙe da babbar sarƙar antibodi wadda ba ta gama haɗuwa ba a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Wato furotin ɗin da muke nema da antibodi, aikinsa ne ya taimaka a ƙera antibodin tun farko. BiP ɗan gidan Hsp70 ne, dangin furotin masu taimaka wa wasu furotin su naɗu, kuma yana da 'yan uwa a ruwan ƙwaya masu kama da shi ƙwarai, nauyinsu ma bai yi nisa da nasa ba. Antibodin da aka samar a kan sashen da dangin suka yi tarayya a kai zai iya kama ɗan uwan a maimakonsa, kuma a jel ɗin da ba a bari ya yi tafiya sosai ba layukan biyu sukan haɗe su zama ɗaya.

A 1987 Sean Munro da Hugh Pelham suka lura cewa BiP da wasu furotin biyu na raga, GRP94 da PDI, duk suna ƙarewa da amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda huɗu iri ɗaya, waɗanda ake taƙaitawa da haruffan KDEL, suka kuma nuna cewa wannan wutsiyar ce ke sa a tsare furotin a raga. Idan ya zame ya kai Golgi, akwai mai karɓa da ke gane wutsiyar ya komo da shi. Daga nan aka samar da antibodin da ke kama wutsiyar KDEL, kuma yana da matuƙar amfani wajen haska ragar gaba ɗaya. Sai dai dole mai amfani da shi ya san cewa da gangan aka yi shi ya kama furotin fiye da ɗaya. A gwajin Westan yakan nuna layi a 78 da wani a 94, kuma a madubi ba zai gaya maka wanne daga cikinsu ya ƙaru ba. Na sha ganin an rubuta cewa BiP ya ƙaru alhali da wannan antibodin aka auna a madubi, wanda hakan wuce gona da iri ne.

Kalneksin da kalretikulin, wasu furotin biyu na raga, su ne suka fi koya mini cewa nauyin da aka lissafa a takarda ba lallai ne ya zama inda furotin zai tsaya a jel ba. Idan aka ƙirga amino asid ɗin kalneksin nauyinsa kusan kilodalton 67 ne, amma a jel kusa da 90 yake fitowa, saboda yawan amino asid masu tsami da ke jikinsa suna hana shi tafiya yadda ya kamata. Kalretikulin kusan 46 ne a lissafi, amma yakan bayyana tsakanin 55 da 60. Sabon shiga da bai san haka ba zai iya ganin layin gaskiya a 90 ya yi watsi da shi, ya rungumi wani layin banza a 67 saboda ya dace da lissafinsa. Sarƙar sukari ma tana ƙara rikita lamarin. A raga akan liƙa wa furotin reshe mai ɗauke da sukari 14, kuma kowane reshe yana ƙara masa kilodalton biyu zuwa uku a jel. Amma wannan rikicin yana da amfani ga wanda ya iya shi, domin akwai inzayim mai suna Endo H wanda ke yanke reshen da bai wuce tsakiyar Golgi ba, ya bar wanda aka riga aka sarrafa a can. Idan layin da kake zargin na furotin ɗin raga ne mai sukari ya sauko ƙasa bayan an zuba Endo H, ka samu ƙarin hujja. Da irin wannan bambancin layi ake gane cewa furotin CFTR mai lahanin da ke jawo cutar sistik faiburosis yana maƙale a raga bai kai tantanin waje ba.

Game da kalretikulin akwai wani misali da ke nuna muhimmancin sanin ta ina antibodi ke kama furotin. A 2013 aka gano cewa wasu masu fama da cututtukan yawaitar ƙwayoyin jini daga ɓargo suna da sauyi a ƙarshen ƙwayar gadon kalretikulin, sauyin da ke goge wutsiyar KDEL ya maye gurbinta da wata sabuwar wutsiya. Antibodin da ke kama farkon furotin ɗin zai ga lafiyayye da mai lahani duka, wanda ke kama tsohuwar wutsiyar zai ga lafiyayyen kaɗai, wanda kuma aka yi shi a kan sabuwar wutsiyar zai ga mai lahanin kaɗai. Dukansu uku sunan kalretikulin ke jikin kwalbarsu, kuma amsa uku za su ba ka a kan samfuri ɗaya. Shi ya sa nake ƙin sayen antibodin da kamfani ya ɓoye sashen da aka yi allurar da shi, ko da yana cewa sirrin kasuwanci ne.

Wannan batu na gurbin kamu yana dawowa wajen shirya ƙwaya don madubi. Antibodi babban abu ne, nauyinsa kusan kilodalton 150, ba ya ratsa tantani da kansa. Bayan an daskarar da ƙwayar da farafomaldihayid kashi 4 cikin ɗari, dole a huda tantaninta da wani sinadarin wanki. Triton X-100 yana huda kowane tantani, na waje da na ciki. Dijitonin kuwa kolestarol yake bi, kuma tantanin waje ya fi na raga yawan kolestarol nesa ba kusa ba, don haka idan aka sa shi kaɗan zai buɗe ƙofar waje ya bar raga a rufe. Kalneksin ya ratsa tantanin raga ne, kansa yana ciki, wutsiyarsa tana waje a ruwan ƙwaya. Antibodin wutsiya zai haska da ɗan dijitonin, na kai kuwa ba zai haska ba sai an kawo Triton. Wanda bai san wannan ba zai yanke hukuncin cewa antibodinsa ya mutu, wanda ya sani kuma zai mayar da shi hanyar gano wane ɓangare na sabon furotin ke fuskantar ciki. Safonin ma yana da nasa hali, domin hujin da yake yi yana rufewa idan aka wanke shi, sai an bar shi a cikin kowane ruwa har ƙarshen aikin. Wasu antibodin kuma ba sa son farafomaldihayid sam, sai an daskarar da ƙwayar da metanol mai sanyi, ko da yake metanol yakan ɗan ɓata siffar bututun.

A gwajin Westan, wanda Harry Towbin da abokan aikinsa suka bayyana a 1979, furotin yana kwance ne a warware, yayin da a madubi yake kusa da siffarsa ta asali. Saboda haka nasarar antibodi a ɗayan ba ta tabbatar da nasararsa a ɗayan. Furotin ɗin da ya ratsa tantani sau da yawa kuma ba ya son tafasa. Idan aka dafa samfurin a digiri 95 kamar yadda aka saba, sai ya dunƙule ya maƙale a saman jel, shi ya sa ake ɗumama irinsa a digiri 37 kawai. Wani abin da ke cin mutane shi ne lokacin da aka yi amfani da antibodi aka janyo furotin daga ruwan ƙwaya, sannan aka duba a jel. Antibodin da aka janyo da shi yana rabewa zuwa babbar sarƙa mai nauyin 50 da ƙarama mai 25, kuma babbar tana zama ne daf da inda kalretikulin da PDI suke fitowa. Haka nan a naman ɓera, idan aka yi amfani da antibodin da aka samar a jikin ɓera, antibodi na biyu mai ɗauke da haske, wanda ake zubawa don ya nemi na ɓera, zai haska ƙwayoyin da ke ƙera antibodi a naman, waɗanda ragarsu cike take da shi, sai a ga kyakkyawar siffar raga ba tare da antibodin farko ya kama komai ba.

Inda lamarin ya fi tsanani a ganina shi ne binciken matsin da raga ke shiga idan furotin marasa naɗuwa suka taru a cikinta. Kazutoshi Mori da Peter Walter, kowanne a nasa ɓangaren, sun gano a yis a 1993 cewa furotin IRE1 ne mai gadin da ke jin wannan matsi, aka ba su kyautar Lasker a 2014. A dabbobi masu shayarwa masu gadin uku ne, IRE1 da PERK da ATF6. Ana danganta wannan matsi da ciwon sukari da cututtukan hanta da na ƙwaƙwalwa da kansa, don haka dubban masu bincike ke sayen antibodin waɗannan furotin, kuma mafi yawansu furotin ne masu ƙaranci a ƙwaya, masu wuyar gani. ATF6 yana da nauyin kusan 90, idan matsi ya zo sai ya tafi Golgi a yanke shi, guntu mai nauyin kusan 50 ya shiga cibiya, kuma wannan guntun ba ya daɗewa. IRE1 yana cire harafi 26 daga saƙon RNA da ake ƙera furotin XBP1 da shi, abin da ke sauya wutsiyar furotin ɗin gaba ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suka fi amincewa da auna saƙon kai tsaye. CHOP kuwa, wanda ake ɗauka alamar cewa matsin ya kai ƙwaya bakin mutuwa, an buga wani ɗan gajeren bincike a 2008 da ya gwada antibodinsa guda 7 na kasuwa, 3 daga ciki suka ba da sakamakon ƙarya, kuma an ga bambanci tsakanin zubi da zubi daga kamfani ɗaya.

Sa'ar da ke cikin wannan fanni ita ce akwai sinadaran da ke tayar da matsin da gangan. Tunikamaisin yana hana liƙa sarƙar sukari, tafsigagin yana toshe famfon da ke cika raga da kalsiyam, DTT kuma yana kwance mahaɗin salfa. Duk antibodin da ke da'awar kama BiP ko CHOP dole layinsa ya ƙara kauri bayan wasu sa'o'i da zuba ɗayansu. Wannan gwaji ne mai sauƙi, kuma ba na karɓar sakamakon da ba a haɗa da shi ba. Amma ba ya isa shi kaɗai, domin matsin yana ɗaga furotin masu yawa a lokaci guda, kuma wanda antibodin ke kamawa bisa kuskure zai iya zama ɗaya daga cikinsu.

A 2016 wani ayarin masana na ƙasa da ƙasa, ciki har da Mathias Uhlén na shirin taswirar furotin ɗin ɗan Adam da ke Suwidin, suka ba da shawarar hanyoyi biyar na tantance antibodi. Ba ɗaya suke ba a wurina. Wadda ta fi ƙarfi ita ce wadda ta tona asirin kwalbata, wato a kawar da furotin ɗin daga ƙwaya a ga ko hasken zai tafi da shi. Sauran sun haɗa da kwatanta sakamakon da wata hanyar awo da ba ta dogara da antibodi ba, da amfani da antibodi biyu masu kama wurare mabambanta, da auna abin da antibodin ya janyo da na'urar tantance nauyin sinadarai, da kuma liƙa wa furotin wata alama sananniya a ga ko haskensu zai dace. Wannan ta ƙarshe tana buƙatar taka tsantsan a raga. Idan aka liƙa alamar a farkon furotin, za a yanke ta tare da adireshin shiga. Idan aka liƙa ta a ƙarshe bayan KDEL, an rufe wutsiyar ke nan, furotin ɗin zai fice daga ƙwaya. Idan kuma aka tilasta wa ƙwaya ƙera shi da yawa, kusan kowane furotin mai bin wannan hanya zai cunkushe a raga ko da ba nan ne mazauninsa ba. Kawar da furotin ma yana da iyaka, domin ƙwaya ba ta rayuwa ba tare da BiP ba, ɗan tayin ɓeran da aka cire masa shi yana mutuwa tun kwanakin farko. A irin wannan hali sai a rage shi kawai da guntun RNA mai toshe saƙo, a kuma tuna cewa rage ɗaya daga cikin masu naɗe furotin yana sa 'yan uwansa su ƙaru don cike gurbi.

Akwai gwajin da kamfanoni ke son nunawa wanda ni ban ɗauke shi da nauyi ba, wato a cakuɗa antibodi da guntun furotin ɗin da aka yi allurar da shi, a nuna cewa hasken ya ɓace. Abin da hakan ya tabbatar kawai shi ne an cika hannun antibodin, kuma hannun da aka cika ba zai kama na gaskiya ba, ba zai kama na kuskure ba. Kwalbar da ta yaudare ni ta ci wannan jarrabawa da kyau.

Girman matsalar ya fito fili a 2023, lokacin da shirin YCharOS da ke Montiriyal ta Kanada ya buga sakamakon gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, ta hanyar kwatanta ƙwayoyi masu furotin da waɗanda aka cire musu. Fiye da rabinsu sun faɗi a aƙalla hanyar gwaji ɗaya, kuma waɗanda aka ƙera daga jerin DNA sun fi sauran nasara. Labari mai daɗi a ciki shi ne galibin furotin ɗin suna da aƙalla antibodi ɗaya mai kyau a kasuwa, matsalar gano shi ce. Kafin wannan, a 2017, masu bincike a Suwidin sun gwada antibodi 13 na wani mai karɓar sinadarin istirojin suka samu ɗaya kacal yana kama abin da ya kamata a nama. Na ambaci wannan ne kuma saboda wani ɗan tarko na daban: a Turance haruffa biyun da ake taƙaita sunan raga da su, wato ER, su ne ake taƙaita sunan mai karɓar istirojin, kuma na san ɗalibin da ya kusa yin odar na biyun yana nufin na farko.

Abin da na sauya a aikina ba shi da yawa. Kafin in sayi antibodi ina neman hoton da aka gwada shi a kan ƙwayar da aka cire wa furotin, kuma ina son ganin jel ɗin gaba ɗaya daga sama har ƙasa, domin ɗan yankin da aka yanko yana ɓoye sauran layukan. Idan kwalba ta iso ina rubuta lambar kaya da lambar zubi da lambar RRID, wato lambar rajistar da ke bambanta kowane antibodi, a littafin aiki, in raba ta ƙananan bututu don kada a riƙa daskarar da ita ana narkarwa, kuma kowane sabon zubi ina gwada shi gefe da gefe da ragowar tsohon. A kowane faranti ina barin rami ɗaya da ba a zuba masa antibodin farko ba. A madubi kuma ba na kallon kusa da cibiya, gefen ƙwaya nake zuwa inda ta yi faɗi ta yi siriri, domin a can ne ake iya ganin bututu ɗaya-ɗaya suna haɗuwa uku-uku suna yin ƙananan zobba, siffar da hazon banza ba ya iya kwaikwayo.

Furotin ɗin da na fara labarin da shi, daga baya mun samo masa wani antibodi irin wanda ake ƙerawa daga jerin DNA. Haskensa bai kai rabin na farkon ba, sai da na ƙara lokacin ɗaukar hoto kafin ya fito sosai, kuma bai bazu a ragar duka ba, ya fi taruwa a bututun gefe. A gwajin Westan layinsa ya tsaya ɗan sama da inda tsohon yake tsayawa, ya kuma sauko bayan an zuba Endo H, abin da tsohon layin bai taɓa yi ba. Da muka zuba shi a kan ƙwayoyin abokiyar aikina, farantin ya yi duhu in ban da shuɗin cibiyoyi, layin jel ɗin ma ya ɓace. Hotunan wata huɗun nan suna nan a wata jaka a kwamfutata, kuma su nake fara nuna wa duk sabon ɗalibin da ya zo ɗakinmu kafin in nuna masa na ƙwayoyin da aka cire wa furotin.